Isuhu da Karyar da Ya Bar Mini a Umm Salal

Shekara biyar ke nan da rasuwar Isuhu, ɗan kawuna kuma taubashina. Har yau in sanyi ya fara shigowa Umm Salal, nan bayan garin Doha, ganyen dabino ya soma wannan ɗan ƙaran nasa kamar ana shara a gidan maƙwabta, sai in ji kamar zan hango shi can ƙarshen gona a tsugune, hula a ƙeya, ya ɗaga hannu ɗaya sama yana nufin in kama bakina. Mutane suna tuna mamatansu da maganganun da suka bari. Ni nawa mamacin bai bar magana da yawa ba. Abin da ya bari wata karya ce mai launin toka, ya ce in riƙe masa ita, kuma saura ƙiris in rasa ta saboda bakin nan nawa.

Sunana Habu. Direba ne ni a gonar wani dattijon Balarabe da muke kira Abu Nasir, shi ne kafil ɗinmu, wato ubangidan da takardun zamanmu ke hannunsa. Aikina in ɗauko dusa da taki, in kai famfon da ya lalace Sanaiya, unguwar masana'antu, wajen masu gyara, ran Juma'a in kwashi ma'aikata zuwa Asian Town su yi cefane. Isuhu ya girme ni nesa ba kusa ba. Mafarauci ne ɗan mafarauci daga ƙauyenmu a ƙasar Ningi, gadi ya zo yi, amma maigida ya lura karnukansa na tsere, irin dogayen nan masu siririn ciki da Larabawa ke ji da su, duk inda Isuhu ya bi sai su bi shi da ido. Sai ya cire shi daga bakin ƙofa ya ba shi ɗakin karnuka. Daga ranar na naɗa masa sarauta, Hakimin Karnuka. Shi kuma bai taɓa kirana da sunana ba, sai Rediyo Mai Jini. Ban yi musu ba, don ni ko ni kaɗai ne a mota sai na yi hira da sitiyari.

Zomayen gonar nan ba irin namu na daji ba ne, masu kwanciya a gindin sabara. Na jikokin maigida ne da aka sayo musu don wasa, suka haƙa ƙarƙashin keji suka tsere. Kafin a farga sun cika bayan gona da ramuka, suna cinye ciyawar da ake shuka wa awaki, suna gutsire siraran robobin ban-ruwa har kana tashi da safe ka tarar da tafki a inda ba ka shuka shi ba. An saki karnukan tsere a kansu, amma ina! Zomon da raminsa ke bayansa ba ya gudun nesa. Karnukan su zabura kamar iska, su wuce ramin, su dawo suna haki suna kallon juna.

Ɗan maigida ne ya dawo daga Turai da wani ɗan dabba a akwati, fari-fari, dogon jiki, gajerun ƙafafu, da wani wari da ba ya barin riga. Wai can shi ake zurawa a rami ya koro zomo, a kama a raga. Mu dai da muka ga kamanninsa sai muka ce tunku, sunan ya bi shi. Isuhu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce a gida hayaƙi muke turawa ramin gafiya, wannan kuwa hayaƙi ne mai ƙafa huɗu. Tunkun nan ba ya jure zafi ko kaɗan, don haka aka ba shi ɗaki mai na'urar sanyi wadda ta fi ta ɗakinmu lafiya. Na yi surutu a kan wannan har na gaji, ba wanda ya tanka mini.

Amma tunku shi kaɗai ba ya aiki, in ji Isuhu. Ramuka sun yi yawa, mafi yawansu kango ne, in za ka bi su ɗaya bayan ɗaya rana za ta yi zafi ba ka kama komai ba. Ana bukatar karen da zai gaya maka wane rami ne da rai a ciki. Kuma ba kowane kare ba.

Ina nan ranar da ya zaɓe ta. Wata karyar tsere ta maigida ta haihu da wani karen gona marar asali, 'ya'yan ba mai so, ana jiran su yi ƙwari a rabar. Isuhu ya binne guntun bututu a yashi, ya cusa fatar zomo can ciki, ya sako 'yan kwikwiyon ya koma gefe ya zauna. Wani ya rugo wajensa yana lasar ƙafarsa, ya ce wannan mutum yake so, ba aiki ba. Wani ya sami bakin bututun ya hau haushi, ya ce wannan ɗan'uwanka ne, Rediyo. Wani ya hau tono yana watsa yashi, ya ce wannan zai rushe rami a kan tunku. Sai wata 'yar ƙarama, wadda ni da farko na ɗauka ba ta da lafiya, ta zo a hankali, ta sunsuna sau ɗaya, ta ja baya kaɗan ta tsaya. Ta karkata kai tana kallon ƙasa, ba bakin bututun ba, daidai inda fatar take a binne. Ta daɗe a haka. Can ta ɗago ta dubi Isuhu, ta sake mai da ido ƙasa.

"Ga ta nan," in ji shi a hankali. "Ta gani, ta faɗa mini, kuma ba ta faɗa wa duniya ba."

Ya sa mata suna Zuba-ido. Maigida da aka gaya masa ya ɗaga kafaɗa ya ce yalla, ɗauke ta, khalas.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni mamaki. Kafin ya nuna mata zomo ko ɗaya, sai da ya shafe watanni yana zuba nonon akuya a kwano guda, ita da tunku su sa baki tare. Farko tana gurnani sai ya ɗora mata yatsa a hanci. Daga baya har tunkun ya riƙa hawa bayanta yana cusa kai a kunnenta, ita kuwa ta lumshe ido kamar tsohuwa da jika. Na ce masa, Hakimi, wannan ai ɗaurin aure kake yi. Ya ce in tunku ya fito daga rami, jikinsa duk yashi da warin zomo, karen da bai sha nono da shi ba kafin ya gane ya riga ya karya masa wuya. Wanda kuka ci kwano ɗaya da shi ne kaɗai kake ganewa ko ya sake kama.

Da sanyin safiya suke fita, a watannin sanyi kawai. Ita a gaba, tana wuce rami goma ba ta ko waiwaya ba, sai ta zo wani ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a ɗage. Ba ta taɓa tsayawa a ramin da ba kowa ba. Isuhu ya bi bakunan ramin ya shimfiɗa ƙananan ragogi yana tafiya a kan yatsun ƙafa, ya yi bisimilla a zuci ya zura tunku. Daga nan sai jira. Hazo na kwance a kan ciyawa, hasken Doha na dusashewa can kudu, mutum da karya sun zama kamar an dasa su. Sai ka ji ƙasa ta yi wani dum-dum a ƙarƙashin ƙafarka, kamar ganga daga wani gari mai nisa, sai ga zomo ya faɗo cikin raga. In ya kuɓuce, taku kaɗan ta cafke shi ta kawo da ransa, Isuhu ya fuskanci alƙibla ya yanka. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Shi yakan ce na gonar nan kowa ya ci shi ya ci tsayuwa.

Wata safiya na dawo daga Sanaiya da labari a bakina yana ƙaiƙayi. Na hango su, na nufe su ina taka ƙasa da takalman aiki, tun daga nesa na kwaɗa sallama yadda uwata ta koya mini. Isuhu bai waiwayo ba. Hannu kawai ya ɗaga. Na ce a raina, lalle yau Hakimi sarauta ta hau masa kai, na sake kwaɗa wata da ƙarfi har da tambayar gajiya. Ashe tunku na ƙasa. Zomo in ya ji motsin mutum a sama ba ya fitowa, gara masa abin da ke ciki. Tunkun ya kashe shi a can, ya ci ya ƙoshi, ya kwanta barcinsa. Zuba-ido ce ta bi ta saman ƙasa tana saurare har ta tsaya a wani wuri nesa da bakin ramin, nan muka haƙa, ni da shebur, rana na dukan ƙeyata, har muka ciro ɗan banzan yana hamma.

Sai da Isuhu ya mai da shi akwati, ya karkaɗe gwiwoyinsa, sannan ya juyo ya dube ni.

"Wa alaikumus salamu, Rediyo. Ina gajiya?"

"Yanzu? Sallamar da na yi tun rana ba ta fito ba?"

"Tun ɗazu na amsa maka a zuci. In ka ga hannuna a sama, na ji ka. Aiki nake, in an gama za ka ji bakina."

Muka yi dariya har Fuseini, mai dafa mana abinci, mutumin Zangon Kumasi, ya leƙo daga kicin yana tambaya ko aljanu ne.

Sai korona ta zo. Aka rufe Sanaiya, aka hana zirga-zirga, masallatai suka yi shiru, kowa da takunkumi a fuska. Ni abin ya fi yi mini ciwo fiye da kowa, don ba wanda zan yi wa surutu sai mutanen gona da suka riga suka haddace labaraina. Isuhu kuwa cewa ya yi duniya ce ta koyi farauta. Ba mu san ta inda cutar ta shigo mana ba. Isuhu ya fara tari, ya ce mura ce. Ranar da motar asibiti ta zo, an hana mu matsawa kusa, yana zaune a ciki da robar iska a hanci ya yafito ni da hannu, na tsaya inda aka ce in tsaya.

"Rediyo, kada ka bari a fitar da ita daga gonar nan. Kuma kada ka ɗaure ta ta zauna. Karen da ba ya aiki ba ya daɗewa a gidan mutane."

Na ce haba Hakimi, jibi ma kana nan. Aka rufe ƙofar motar suka tafi da shi.

Kullum da safe Zuba-ido sai ta je ƙofar ɗakinsa ta tsaya, ƙafa ɗaya a ɗage, irin tsayuwarta ta bakin rami. Ni kuwa da na san ba ta tsayawa inda ba rai, sai na riƙe wannan ya zama mini magani. Wata safiya na ga ta zo, ta wuce ƙofar ba ta waiwaya ba, ta je gindin dabino ta kwanta. Ban ce ta san gaibu ba, Allah kaɗai ya san shi, wataƙila warinsa ne ya gama fita daga ɗakin. Amma na riga na sani tun kafin wayar maigida ta yi ƙara da labarin rasuwarsa. A nan Doha aka binne shi, mu 'yan kaɗan, a tsaye nesa da juna kamar masu gaba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

Ni fa ba mutumin kare ba ne. Da can ko rigata ta goga sai na canza kafin salla. Amma amana amana ce. Na ciyar da ita, Fuseini ya ci gaba da kula da tunku, muka riƙa zuba musu nono a kwanonsu. Sanyin farko ba wanda ya yi maganar zomaye. Kafin na biyu sun dawo sun ninka, na ɗauki ragogin Isuhu na fita da ita. Abin kunya. Na san dokar, na ga yadda ake yi, amma sani daban, hali daban. In na ga rami mai faɗi sai in ce, Zuba-ido, zo nan, duba wannan. In ta tsaya sai in ce yawwa 'yar albarka. In jira ya yi tsawo sai in yi gyaran murya, ko in ciro waya in duba. A hankali ta daina tsayawa gaba ɗaya. Ta biyo ni kamar mai rakiya, ta zauna tana kallon wani wuri. Fuseini ya ce mini da Hausarsu ta Zango, "Habu, karen nan bai ƙi ka ba, bakinka ne shi ke tsoro." Na ce ya koma kan tukunyarsa.

Shekarar gasar ƙwallon duniya, gari ya cika ya batse. Tutoci a kowace mota, jirgin ƙasa na amayar da mutane kala-kala, har Umm Salal da ba ta saba da baƙi ba sai ka ga Bature da gajeren wando yana neman shayi. Na sha tambayar kaina me Isuhu zai ce da ya ga wannan. Ina jin zai tsaya ne ya saurara, ya ce a hayaniyar nan ko kurman zomo ba zai fito ba, sannan ya tambayi ko an ba karnuka ruwa. A cikin wannan hidimar Abu Nasir ya kira ni. Bai yi faɗa ba, mutum ne mai kunya. Ya ce robobin ruwa sun ƙare, ciyawa ta ƙare, in an gama ƙwallo zai sa a zuba guba a ramukan. Inda aka zuba guba kuwa kare ba ya yawo, kuma ba shi da wurin ajiye karen da ba ya tsere ba ya farauta. Za a zo a ɗauke ta. Bai faɗi inda za a kai ta ba, ni ma ban tambaya ba, don na sani.

Ranar da Ghana ke wasa da la'asar, na kwashi kowa na kai Asian Town inda aka kafa babban allo. Fuseini ya shafa wa fuskarsa fenti, yana rantsuwa yau sai an ji su. Wallahi raina na son zama, ga mutane, ga ihu, ga inda baki zai yi aikinsa. Amma na sauke su na juyo. Na bar waya a mota. Na cire takalma a bakin gona.

Ban taɓa jin gonar nan haka ba. Ba injin, ba rediyo, ba kowa, sai kurciya can a kan dabino. Na ɗauko tunku a akwatinsa, na yafito Zuba-ido, na yi niyyar ko me zai faru ba zan buɗe baki ba. Ta yi gaba tana waiwayena, kamar tana jiran in fara. Muka wuce wani rami mai faɗi da sabon yashi a bakinsa, maganar ta zo mini har maƙogwaro, na haɗiye ta. Muka wuce wani. Yashi na da sanyi a tafin ƙafata, na fara jin abubuwan da ban taɓa ji ba, ɗigar ruwa daga fasasshiyar roba, numfashinta, nawa numfashin. Sai ga shi a wani ɗan ramin da ni ko kallonsa ba zan yi ba, ta tsaya cak. Ƙafa ɗaya a ɗage. Ta ɗago ta dube ni, ta mai da ido ƙasa. Irin kallon da ta yi wa Isuhu ranar bututu.

Na shimfiɗa ragogin. Na yi bisimilla a zuci na zura tunku, na tsuguna. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Rana ta yi ja a bayan dabino, na ji kamar ba ni kaɗai nake tsugune ba.

Sai na ji sallama daga bayana. Abu Nasir ne, ya fito zagayen yamma da sandarsa. Dattijo, kafil ɗina, mutumin da abincina ke hannunsa, ni kuma Habu wanda bai taɓa barin sallama ta faɗi ƙasa ba. Bakina ya buɗe da kansa. Na rufe shi. Na ɗaga hannu ɗaya sama, ban waiwaya ba.

Na ji takunsa ya tsaya. Ashe shi ma ya san hannun.

Ƙasa ta yi dum-dum a ƙarƙashin ƙafata, zomo ya faɗo raga. Na biyu ya fito ta wani bakin da ban gani ba, Zuba-ido ta cafke shi ta kawo mini da ransa ta ajiye a gabana. Can tunku ya leƙo, duk yashi, ta sunsune shi ta kau da kai. Sai da na mai da shi akwati na miƙe na amsa wa maigida sallamarsa. Ya daɗe yana kallon karyar. Ya ce Allah ya jiƙan Yusuf, ya juya ya tafi. Ba a sake maganar guba ba. Fuseini ya dawo muryarsa ta dishe, ya tarar da zomaye a kicin, ya dube ni ya ce, "Wa ya ɗinke maka baki?"

Yau abubuwa sun canza. Gidaje sun matso har jikin katangar gona, filayen ƙwallon sun yi tsit, ɗan maigida ya kawo wani sabon tunku da ɗan abin wuya mai ƙara a waya, wai don a san inda yake a ƙasa. Na san abin da Isuhu zai yi, zai jujjuya abin a hannu ya yaba, ya sa a aljihu, ya dubi karyarsa. Ita ma ta manyanta, bakinta ya yi fari, ba ta cafkar zomo kamar da, amma har yanzu ba ta tsayawa a kango. Tana nan a gonar. Na zaɓo mata 'yar koyo da bututu da fatar zomo, suna shan nono kwano ɗaya da sabon tunkun.

Isuhu bai bar gida a Ningi ba sai ɗaki biyu, bai bar suna a garin nan ba, ko hoton kirki ba mu da shi. Ni kuma ban zama wani mutum dabam ba, har gobe Rediyo ne, ku tambayi sitiyari. Amma akwai wani ɗan wuri a cikina da ya share ya bari, inda nake iya tsugunawa in yi shiru in ji abin da ke motsi a ƙasa, kuma duk lokacin da na shiga wurin a can nake tarar da shi.

Juma'ar da ta wuce na je maƙabarta. Na cire takalma, na taka a hankali har kansa, na ce assalamu alaikum, Hakimi. Bai amsa ba. Ban sake kwaɗa wata ba, ban tambayi gajiya ba. Na tsuguna na yi masa addu'a a zuci. Na san hannunsa na sama, ya ji ni, in an gama zan ji bakinsa.